Yadda Na Auna Rumbun Surukina Daga Ciki

Ba zan taɓa mantawa da bakansin, wato dogon hutun, da na yi bayan shekarata ta biyu a jami'a ba. Ko ni na manta, mutanen garinmu ba za su bari ba.

Farkon shekarun tamanin ne. Na ci jarrabawa, ci mai kyau kuma, sunana can sama a allo. Daga Yamai har Tawa bakina bai rufu ba. Daga Tawa zuwa Tamaske ina bayan wata tsohuwar mota, zaune kan buhun albasa, ina yi wa mutanen da ba su tambaye ni ba bayanin karatuna. Ku dubi shigar: wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa da ke share gari kyauta, gashi tsaye kamar akurkin kaji, baƙin gilashi, da takalmi mai tudu wanda in na hau shi sai na ga kan kowa. Kowace magana sai na sa mata “bon” a gaba, “wala” a baya. A aljihun riga kuma ga kalkilatiris, ƴar na'urar lissafi da yayana ya aiko mini daga Abija. Babban yatsana ya saba da ita har ba na duba maɓallan. Kafin ka rufe baki na ba ka amsa, har da ɗigo.

Karatun namu, in ka cire masa faransanci, ba wani abu ba ne mai wuya. Gwamnati ta ce za ta yi wa talakawa abu, mu kuma mu bi da lissafi mu gani: ya isa ko bai isa ba, wa ya samu, wa aka tsallake. Da na yi wa Kawu wannan bayanin (a gidansa na girma) sai ya ce, “To, ku ne masu bin sawun gwamnati ke nan. Allah shi ba ku ƙafa.”

Kafin mu watse, Mushe (haka ake kiran malamin boko a wajenmu), wanda ke koya mana lissafin, ya ba kowa anket, wato aikin bin gida gida ana tambaya. Wani ya nufi Buza, wani Madawa, ni garinmu. Abin da ake so a sani shi ne a wane lokaci hatsi ke ƙarewa a rumbunan mutane, don in za a kawo taimako a kawo shi kafin maza su bar gonaki su tafi nema, ba bayan sun tafi ba. Wallahi aikin ya shiga raina. Na ɗauka ni ne zan ceci Adar gaba ɗaya, ni da yatsana.

Mushe ya kafa mana doka biyu. Ta farko, ba kai ke zaɓen gidajen ba, ƙuri'a ke zaɓa, kuma gidan da ƙuri'a ta faɗa ba a sake shi, ko gidan kura ne. Ta biyu, in mutum ya ƙi faɗi, ka auna da kanka. Na riƙe dokokin nan kamar da su za a tambaye ni ranar lahira.

Yanzu bari in gaya muku ainihin abin da ya sa bakina bai rufu ba a mota. Ba jarrabawa ba ce kaɗai. Zali ce. Tun bara Kawu ya kai goron gaisuwa gidansu, mahaifinta ya karɓa amma bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce a bari sai kakar baɗi, wato ta wannan shekarar. (Ba zan faɗi sunansa ba, suruki ne. Mu ce Tsoho.) Kowa ya san damuwarsa: ƴan lakwal, mu ƴan boko, ba su da kunya. Don haka tun ranar goron nake zuba kunya kamar ana biya na. In na hango shi a hanya sai in sake lungu. Akwai ranar da lungu ya ƙare mini, na durƙusa bayan jakin wani har ya wuce.

To. Na rubuta sunayen masu gida na garin a ƴan takardu, na zuba a hular Kawu, na kaɗa. Na ce Idi ya ciro. Idi ɗan Kawu ne, taubashina, sa'ana, kuma tun muna yara aikinsa a duniya shi ne ya ga na ji kunya. Ya ciro, ya ciro, sai ya buɗe wata, ya dube ta, ya dube ni, ya kwanta a tabarma yana shure-shure.

Gidan Tsoho.

Kawu ya ce, “Maida ta, ka ciro wata. Wa ya gani?”

Na ce, “Bon, Kawu, ba ka gane ba. In na sake ta, lissafin ya karkace. Ilimi bai san suruki ba.”

“Ilimi bai san shi ba, kai ka san shi. Za ka zauna gaban mutumen ga ka tambaye shi abin da ke cikin rumbunshi? Ni da muka yi kaciya tare ban taɓa tambaya tai ba.”

“Wala, shi ya sa ba mu ci gaba.”

(Na faɗi wannan. Da bakina. Ga mutumin da ya ciyar da ni.)

Kawu ya karɓi hularsa, ya kakkaɓe, ya sa, ya ce, “Allah shi kiyaye hanya.”

Na fara da sauran gidajen, ina ajiye na Tsoho sai ƙarshe kamar magani mai ɗaci. Damina ta yi nisa, hatsi ya fara fidda kai amma bai nuna ba, lokacin da tukunya ke ƙanƙancewa a kowane gida. Wasu sun ba ni lamba, wasu sun ba ni labari, wani ya ba ni fura ya sallame ni. Ranar da na ga ba sauran gudu, na ja Idi muka tafi bayan azahar.

Tsoho yana zaure yana tufkar igiya. Na cire takalmi tun daga nesa (nan take na rage tsawo), na durƙusa a bakin ƙofa, idona a ƙasa. Shi kuma ya juya mini gefe, ya dubi bango. Tunda ba ya magana da ni kai tsaye, ni ma ba na yi da shi, sai Idi ya zama wayar da ke tsakaninmu. Ni in yi raɗa, Idi ya ɗaga murya, ya ƙara gishiri.

“Baba, wai Mushe ƙarami shina tambaya, dami nawa kunka samu bara?”

“Ka ce mishi mun gode Allah.”

“Wai mun gode Allah ba ta shiga cikin na'ura, Baba. Lamba take ci.”

“To shi sa mata abin da ya sawwaƙa.”

“Wai mutum nawa ka cin tuwo gidan ga?”

“Duk wanda ya iske an sauke tukunya.”

Yatsana yana kan na'ura, a shirye, ba abin dannawa. Na raɗa tambaya ta ƙarshe, wadda ita ce uwar anket ɗin. Ko Idi sai da ya ɗan yi jim kafin ya faɗa.

“Wai hatsin da ya rage, shina kai ku kaka?”

Hannun Tsoho ya tsaya a kan igiyar. Can ya ajiye ta, ya miƙe, ya ɗauki butarsa, ya ce, “La'asar ta yi.” Ya fita.

Mai hankali da ya ji wannan shirun zai sa takalminsa ya koma gida. Ni kuwa sai na tuna doka ta biyu.

Rumbun Tsoho yana bayan gida, jikin katangar duwatsu. Irin manyan nan na laka ne, mai ƙaton ciki da ɗan ƙaramin baki a sama, an kife masa hular ciyawa. Na ce wa Idi abin mai sauƙi ne: in na san faɗin cikinsa, na san inda hatsi ya tsaya, sauran aikin yatsa ne. Kafin su sallame salla mun gama. Idi ya ce, “Gaskiyarka, tobashi. Ilimi bai san suruki ba.” Da na ji maganata a bakinsa ya kamata in tsorata.

Muka zagaya ta baya. Na zagaye cikin rumbun da zare, na auna. Na sake cire takalmi, na ajiye a gindin tsani (wani tsohon kututture ne mai rassa biyu da aka sassaƙa masa matakai), na hau. Na ture hular gefe, na ɗaura ɗan dutse a zare, na zura. Zare yana tafiya, yana tafiya, bai taɓa komai ba. Na ƙara miƙa hannu. Na ƙara leƙawa. Sai na ji abu ya sulale daga aljihuna.

Kalkilatiris.

Na kai mata cafka. Na kuwa cafke ta, a ba ni wannan. Matsalar ita ce lokacin da na cafke ta ƙafafuna sun riga sun rabu da tsani.

Ban san tsawon tafiyar ba, na dai san na isa. Na faɗi ta gefe a kan wasu zangarniyoyi, ƙura ta tashi, ƙaiƙayi ya shiga mini ko'ina, har inda ba a faɗi. Na yi ta atishawa, rumbun yana amsawa kamar masallacin da ba kowa. Da idona ya saba da duhu, na duba da ɗan hasken da ke saukowa daga sama.

Wani ɗan tsibi ne a gefe guda. Ko gwiwata bai kai ba. Shi ke nan.

Gidan nan kuwa ba su kaɗai ba ne, har da iyalin ƙanen Tsoho da ya rasu, duk a tukunya ɗaya. Nan ciwon kafaɗata ya tafi. Na zauna riƙe da na'ura, ban danna komai ba, don ba lissafin da ake bukata. Mutumin nan kullum yana fita masallaci da farar riga, yana amsa gaisuwa, yana ba maroƙa, wannan ne a bayansa. Shi ne abin da ya ɗauki buta ya bar mini.

Kan Idi ya toshe hasken. “Tobashi! Kana da rai? To lamba nawa?”

“Idi, don Allah, don Annabi, igiya. Kuma kada kowa ya ji. Kowa, Idi.”

“Haba, ni da kai?” Ya sauka da gudu.

Bangon rumbu daga ciki sumul yake, kuma yana lanƙwasowa ta sama. Na gwada tsalle, na gwada addu'a. Sai na ji takun mutum. Innar Zali ce, ta ji faɗuwar abu, ta zo da taɓarya tana cewa, “Wace akuya ta kuma?” Sai takun ya tsaya cak. Na san abin da ta gani. Takalmi mai tudu, a jere, a gindin tsani. Duk ƙasar Keita ba na biyunsa.

Ita ma suruka ce, ba ta magana da ni. Ta daɗe tsaye. Can na ji ta juya wajen kaji tana cewa, “Kaji, in kun ga mai takalman ga, ku ce mishi shi bar atishawa. Ana ji har waje.”

Na toshe hanci da riga.

Ta tafi ta turo Kaka, kakar Zali, wadda ita kam ba kunya tsakaninmu sai wasa. Tun da aka kai goro take kira na mijinta. Ta ƙwanƙwasa cikin rumbun da sandarta.

“Wa nika ji? Angona? Haba mijina, ɗakina na nan buɗe dare da rana, mi ya kai ka rumbu? Ko ka ji an ce nan nika ɓoye dukiyata?”

“Kaka, tsautsayi ne.”

“Tsautsayi da tsani? Har da tuɓe takalmi?” Ta yi dariya har da tari. Sai kuma ta matso, na ji muryarta dab da bango, ba wasa a ciki. “Yaro. Abin da ka gani ciki, ka bar shi ciki.”

“Wallahi, Kaka.”

“To. Yi shiru a hidda kai tun mutane ba su ji ba.”

Ba ta rufe baki ba muka ji hayaniya. Igiyar gidan, ashe, tana rijiya, kuma wadda ta tafi da ita Zali ce. Idi ya je ya tsaya a tsakiyar matan gari ya ce, “Zali, ba ni igiya, angonki ya faɗa rumbun babanki.” (Daga baya ya rantse a hankali ya faɗa. Matar da ke wanki can gefen fadama ta ce ta ji.) Mata suka ajiye tuluna suka biyo shi, yara suka biyo mata, aka kuma yi daidai da sallame la'asar, maza suka biyo yara.

Ina ciki ina jin garinmu gaba ɗaya ta cikin bango. Dariya, salati, wani yana tambaya ko da wandon na faɗa. Duk wannan na iya ɗauka. Sai wani maƙwabci, mai murya kamar ta gardi, ya ce, “A'a. Rumbun da namiji ka ɓacewa ciki har a nemi igiyar rijiya? Ashe rumbun...”

Bai ƙarasa ba.

Wallahi a lokacin na so ƙasan rumbun ta buɗe in ƙara faɗawa. Zali ta tafi, wannan na riga na sallama. Amma ba shi ne ya fi ci na ba. Abin da mutum ya rufe da rigarsa tun rani, ni na zo da zare da ɗan dutse na buɗe wa gari.

Sai na ji muryar Tsoho, a kwance, kamar yana tambayar farashin goro.

“Mi ya tara ku? Ni na sa shi. Rumbun ga ya tsage daga ciki, na kwashe hatsi na kai ɗaki. An ce mini yaron ga ilimin awo ya karanta, na ce shi shiga shi duba mini kahin kaka. Gobe za shi hwara yaɓe.”

Wani ya ce, “Af, to.” Wani ya ce, “Ai gara a gyara tun yanzu.” Maƙwabcin ya yi gyaran murya ya ce shi ma nasa yana son dubawa. Ban sani ba ko sun yarda, ko sun ga ƙofa ce aka buɗe musu suka bi. Ina zaton ta biyun ce.

Igiya ta sauko. Na ɗaura a ƙugu, aka ja. Bakin rumbun da na shige sumul da ina saukowa, da zan fita sai ya riƙe wandon, ƙafa ɗaya ta tsage har cinya. Kaina ya fito fari fat da ƙaiƙayi, gilashi a karkace, hannu ɗaya riƙe da na'ura. Wanda ke kan tsani yana ja na kuwa Tsoho ne da kansa. Hanci da hanci. Ban taɓa ganin fuskarsa kusa ba sai ranar. Muka kawar da kai lokaci guda, shi dama ni hagu, saura kaɗan in koma inda na fito. A ƙasa, can ƙarshen igiya, ga Zali ta rufe fuska da gefen zane, kafaɗunta suna rawa. Har yau tana cewa kuka take yi.

Da na dira, Tsoho ya dubi Idi ya ce, “Ka ce ma abokinka, da sassafe. Laka na bayan gida.”

Tunda ya faɗa gaban jama'a, dole maganar ta zama gaskiya. Kafin in zo washegari Inna da Kaka sun kwashe ɗan tsibin sun kai ɗaki. Ni kuma na tuɓe, na sa tsohon wandon Idi, na shiga kwaɓa laka da ciyawa da kashin jaki, da ƙafafun nan da suka saba da tudu. Duk wanda zai tafi gona sai ya biyo ta nan ya ce, “Sannu Mushe, ya lissafi?” Idi ne ke zura ni da igiya, yana kuma mantawa da ni in an kira shi cin abinci. Na duba rumbun nan sama da ƙasa, ba tsaga ko ta allura. Haka na yaɓe lafiyayyen bango, na bi shi kaf, har sauran bakansin ya ƙare a ciki.

Ban gaya wa kowa abin da na gani ba, har Kawu. Bai kuma tambaye ni ba. Amma a rana ta biyu ya ɗora wa jaki hatsi ya aika gidan, wai tunda yaronsa yana aiki can yana shan furarsu, ga na furar ma'aikaci. Hatsin da ya aika, ko ma'aikatan hanya ne sai sun bar saura. Tsoho ya karɓa ya ce a gaya wa Kawu yaron akwai ci.

A rahoton da na kai Yamai, na bar layin gidan ba komai. Na dai rubuta cewa a ganina hatsi yana ƙarewa tun kafin lokacin da mutane ke faɗi, kuma waɗanda suka fi yin shiru su ya kamata a fara dubawa. Mushe ya ja layi da jan biro, ya ce, “Ina lambar da ta nuna haka?” Na ce babu. Ya zaftare mini maki. Da gaskiyarsa, a aikinmu ba a cewa “a ganina”.

Amma kafin in hau motar komawa, Tsoho ya kira Kawu zaure. Kawu ya dawo yana ƙoƙarin ɗaure fuska, ya zauna, ya sha ruwa, ya ja mini rai son ransa, sannan ya ce, “Wai in gaya maka, kunya dai ba ka da ita, wannan ya tabbata. Amma bakinka na ruhuwa. Kuma wanda ya ga cikin rumbunshi, ba shi barin shi shi zama baƙo. Ya ce mu turo bayan kaka.”

Na yi tsalle har na buge kai da ƙofar zaure.

Na yi shekaru ina wannan aikin, na shiga gidaje ba iyaka da tambayoyi, kuma har gobe ina son lamba. Abin da na koya dai shi ne in ka tambayi mutum ya yi shiru ya ɗauki buta, ya riga ya amsa, ba a bin amsar da tsani. In kuma ka ƙi ji har ka faɗa, ka zauna a ciki ka jira mai gida. Kada ka aiki taubashi neman igiya.